Amsa ga ɗan'uwan da zai bi hanyar Dempster a ƙarshen Agusta

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don kamar da bakina ka yi ta. Ka ce za ka ɗauki motar haya a Whitehorse, babban birnin yankin Yukon a arewacin Kanada, a makon ƙarshe na Agusta, kai da maiɗakinka da yara biyu, ku bi hanyar Dempster har Tuktoyaktuk, ƙauyen da ke bakin tekun Arctic, ku dawo cikin kwana biyar, kuma mai ba da hayar ya ce maka ba matsala. Wannan "ba matsalar" ce ta bar ni da iyalina a tsakiyar daji cikin ruwan sama.

Ni ma haka na tsaya gaban kanta na tambayi yaron kamfanin har sau biyu: an yarda in hau Dempster da motar nan? Ya ce an yarda. Akwai safaya? Ya ce akwai. Ko ɗago kai bai yi daga kwamfutarsa ba. Na sa hannu muka kama hanya.

Ka san daga mararrabar da hanyar ta fara, kusa da garin Dawson, sai ka yi kilomita kusan 370 kafin ka ga gidan mai na gaba a Eagle Plains, kuma burji ne zalla. Saura mana kamar kilomita 60 mu isa aka tsuge da ruwa. Sinadarin da suke zuba wa hanyar don kwantar da ƙura, da ya sha ruwa sai ya koma kamar sabulu, motar ta dinga karkata tana neman gefe. Can sai na ji sitiyari ya yi nauyi. Dutse mai kaifi ya tsarge tayar baya ta gefe, yagewar da yatsuna uku suka shige ciki, ba irin wadda faci ke kamawa ba. Na sauke kayanmu kaf a cikin taɓo, na ɗaga shimfiɗar but, sai ga wata 'yar siririyar taya mai takarda ruwan ɗorawa manne a jiki, an rubuta kada a wuce gudun 80. Ɗan'uwa, na tsaya ina kallonta ruwa na zuba a ƙeyata, na kasa cewa komai.

Na kafa jak, jak ya nutse. Na sake kafawa, ya sake nutsewa. Hannuwana suka mutu da sanyi har sifana tana suɓuce mini. Waya ba sabis ko ɗigo. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne fuskar maiɗakina ta cikin gilas, ta rungume ƙaramarmu a cikin bargo, ba ta ce mini uffan ba, leɓenta kawai ke motsi tana addu'a. Babban yaron ya sauke gilas kaɗan ya ce, "Baba, a nan za mu kwana?" Kusan awa uku muna wurin kafin wani direban tirela ya tsaya, ya ciro guntun katako daga motarsa ya shimfiɗa ƙarƙashin jak ɗin, ya kama mini muka ɗaura. Ko sunansa ban tambaya ba. Da gudun 30 muka lallaɓa muka shiga Eagle Plains.

Da muka mayar da motar kuma, wannan yaron dai, shi da bakinsa, ya buɗe takardar yarjejeniya ya ɗora yatsa a kan wani layi mai ƙananan haruffa: an hana hawa hanyar da ba kwalta, wanda ya hau inshora ta faɗi. Na ce kai fa ka ce mini an yarda. Ya ce shi bai tuna ba. Suka cire kuɗin taya da na gilashin gaba da tsakuwa ta fasa daga katina. Ba kuɗin ne ya fi ƙona mini rai ba. Ya ga yarana tsaye a bayana ranar da yake ce mini akwai safaya, ya san inda za mu, kuma ya bar mu muka tafi. Na bar shi da Allah.

Don haka kada ka karɓi maganar baka. Kamfanoni da yawa sun haramta hanyar, akwai kuma waɗanda suka yarda, su za ka nema, a rubuta sunan Dempster a takarda. Ka buɗe but da hannunka ka ga cikakkiyar taya mai girman sauran, in so samu ne biyu. Katako don jak, famfon iska, kayan toshe huda, safar hannu. In ka hango tirela tafe, rage gudu sosai ka raɓe dama, gudunka ne ke ƙara wa tsakuwa ƙarfi. Amma kada ka matsa can bakin, domin an ɗora hanyar a kan tudun tsakuwa ne saboda kada daskararriyar ƙasar da ke ƙarƙashi ta narke, gefen yana da taushi kuma ba shinge.

Kwana biyar kuwa, don Allah ka janye. Zuwa da dawowa daga Whitehorse ya kai kilomita 2,700, kuma wajen 1,750 a ciki ba kwalta, har da kilomita 138 daga garin Inuvik, inda Dempster ta ƙare, zuwa Tuktoyaktuk da aka buɗe a 2017. Ga fito biyu, na kogin Peel kusa da Fort McPherson da na Mackenzie a Tsiigehtchic. Kyauta ne, amma ba sa aiki cikin dare, kuma in ruwan Peel ya cika akan dakatar da jirgin, sai dai ka zauna jira. Da ka tsallaka iyakar Yukon agogo zai ƙara awa ɗaya, ka sa wannan a lissafin fito. Ni dai ƙasa da kwana takwas ba zan sake yi da yara ba.

Lokacin da ka zaɓa yana da kyau, wannan ban hana ka ba. Sauro ya ja baya, tsaunukan Tombstone sun rine ja da ruwan ɗorawa har ƙasa, dare ya fara yin duhu sosai, in ka yi sa'a za ka ga hasken nan mai rawa a sama. Sai dai a duwatsun Richardson dusar ƙanƙara na iya sauka ko a Agusta, kayan sanyin yara su zama na gaske. In za ku kwana a tanti, abinci da man goge baki duk a kulle su a mota saboda beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai haɗari, ka kuma sayi feshin korar ta a can, ba a hawa jirgin sama da shi. Ka samu na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam ko ta haya ce, ka duba 511 na Yukon, shafin da ke ba da labarin halin da hanya ke ciki, kafin sabis ya ɗauke.

In Allah ya kai ku Inuvik, ka kai iyali ƙaramin masallacin garin. A birnin Winnipeg, can kudancin Kanada, aka gina shi, aka ɗauko shi a mota da jirgin ruwa ta kogin Mackenzie a 2010. A nan maiɗakina ta yi kukan da ta riƙe tun daga wurin tayar, ta daɗe a sujada ban tashe ta ba.

Kafin ka biya ko sisi, ka ce su ɗauko maka hoton safayar da lambar da ke jikin tayoyin, ka turo in duba maka. Ka gaida maiɗakin da yaran, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.