Digirin Kasuwanci A Ƙaramar Jami'a: Kwalliya Za Ta Biya Kuɗin Sabulu Kuwa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Na samu gurbin karatu a wata ƙaramar jami'a da ke kusa da mu, kwas ɗin harkar kasuwanci, shekara 4. Gaskiya jami'ar ba ta da wani suna, in ka fita yankinmu da wuya ka samu wanda ya ma taɓa jin labarinta. Akwai wata babba mai suna da ita ma ta ɗauke ni amma kuɗinta ya kusa ninka na wannan sau uku ga haya ga sufuri tunda nesa ce, sai dai in ci bashi. Yayana kuma cewa yake duka biyun ɓata lokaci ne wai digirin kasuwanci kowa na da shi, gara in riƙe ɗan aikin da nake yi yanzu a wani kamfani. Wallahi kaina ya kulle. Shin digirin nan zai dawo min da abin da zan kashe?

Ƙaninka mai neman mafita

AMSA

Wa'alaikumussalam ƙanena, Allah ya sanya alheri. Jami'a biyu sun ɗauke ka lokaci ɗaya, ai wannan ma abin taya murna ne kafin a zo maganar lissafi.

Toh, bari in fara da Yaya, don maganarsa ba ta banza ba ce, rabinta gaskiya ce. Digirin kasuwanci ya yi yawa a hannun mutane, a Amurka ma shi ne digirin farko da aka fi yi, kusan ɗaya cikin biyar na masu kammalawa duk shi suka karanta. Kuma ya taɓo abin da ɗalibai ke mantawa da shi kullum, wato kuɗin digiri ba kuɗin makaranta kawai ba ne, har da albashin da za ka bari ya wuce ka a shekara huɗun nan da kake zaune a aji. Sau da yawa wannan ɗin ma ya fi kuɗin makarantar girma, sai dai ba a ba ka rasit a kansa shi ya sa ba ka jin zafinsa.

Ɗauki biro mu yi misali, lambobin nawa ne na ƙirƙira don a gane, kai sai ka sa naka na gaske. A ce aikinka na yanzu yana ba ka 100 a shekara. Ka ajiye shi shekara 4, ka rasa 400. Ƙaramar jami'ar a ce 50 a shekara, 200 kenan, jimla 600. In ka gama ka samu aikin 160, ƙarin da digirin ya kawo maka 60 ne ba 160 ba, nan mutane ke yaudarar kansu. Shekara 10 kenan kafin ka fanshe. Yanzu koma babbar, 150 a shekara, 600, haɗa da 400 ɗin nan ya zama 1000, ba mu ma sa haya da kuɗin ruwan bashi ba. Kafin ita ma ta fanshe a shekara 10 sai ta kai ka ga aikin 200. Tambayar gaskiya kenan, sunan jami'ar zai iya saya maka wannan ƙarin 40 ɗin duk shekara? Sannan ka lura da wani abu, in ƙaramar na kusa da gida har za ka iya riƙe aikinka ko da rabin lokaci ne, 400 ɗin nan ta ragu sosai, kuma babu abin da ke gyara lissafin kamar wannan.

A kan batun suna akwai binciken da nake yawan kawowa mutane, na Stacy Dale da Alan Krueger a Amurka, wanda aka wallafa a 2002 suka kuma sake bibiyarsa bayan wasu shekaru. Dabarar da suka yi ita ce ta burge ni. Ba su kwatanta ɗan babbar jami'a da ɗan ƙarama kai tsaye ba, tunda dama manyan jami'o'i masu ƙoƙari suke tsincewa, ba abin mamaki ba ne in sun fi samu daga baya. Sai suka nemo ɗaliban da jami'o'i iri ɗaya suka ɗauka, wasu suka tafi mai wuyar shiga wasu suka zaɓi wadda ba ta kai ta ba, kamar dai halin da kake ciki. Da aka duba albashinsu bayan shekaru sai aka ga kusan ɗaya ne ga yawancinsu. Ma'ana ƙwazon da ya sa aka ɗauke ka a babbar yana jikinka, duk inda ka je da shi za ka tafi. Amma kar in ɓoye maka, sun ga cewa 'ya'yan marasa ƙarfi da waɗanda iyayensu ba su yi zurfin karatu ba su kam sun amfana da zuwa babbar, ana ganin saboda a can suke haɗuwa da mutanen da za su buɗe musu ƙofa waɗanda a gida ba su da irinsu. Kuma jami'o'in da suka duba yawanci duk masu kyau ne, ba a ce kowace makaranta da ta kafa allo a bakin titi daidai take da kowa ba.

Shi ya sa kafin komai je ka tabbatar hukumar da ke kula da jami'o'i ta tantance kwas ɗin, kwas ɗin kansa nake nufi ba jami'ar kawai ba. Akwai kuma tantancewar ƙasa da ƙasa irin ta AACSB, ƙungiyar tantance makarantun kasuwanci da aka kafa tun 1916, makarantun kasuwanci kaɗan ne a duniya ke da ita, in akwai madalla, in babu ba shi ke nuna makarantar ta lalace ba. Ta hukuma ce ba a wasa da ita.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka ma ba jami'ar ba ce, kalmar "harkar kasuwanci" ce. Gida ne mai ɗakuna da yawa. Wanda ya karanta aikin akanta ko harkar kuɗi ko nazarin alƙaluma ya fito da sana'a a hannu, mai ɗaukar aiki ya san teburin da zai zaunar da shi ranar Litinin. Wanda ya yi gudanarwa zalla, ɗan wannan ɗan wancan, ya san sunan komai amma bai iya haɗa lissafin riba da asara na wata ɗaya ba, shi ne yawanci ke ƙarewa a aikin da ko ba digiri ma zai samu, kuma alƙaluman da babban bankin Amurka reshen New York ke fitarwa kan sabbin masu digiri sun daɗe suna nuna wannan tazarar tsakanin akantoci da 'yan gudanarwa zalla. Irin waɗannan Yaya ke gani yake cewa kowa na da shi. In ka karkata ɓangaren akanta, ga jarrabawar ƙwararru irin ACCA, ko CFA ga masu harkar zuba jari, takarda ɗaya ake ba kowa, mai maki bai damu da wace jami'a ka fito ba. Nan ɗan ƙaramar jami'a ke goge bambancin sunan.

Sai maganar gamawa. Michael Spence, masanin tattalin arziki da ya samu kyautar Nobel a 2001, ya yi bayani tun 1973 cewa kwali alama ce ga mai ɗaukar aiki, tana gaya masa wannan mutumin ya iya fara abu mai wuya ya kai shi ƙarshe. To wanda ya yi shekara uku kuɗi ya yanke masa ya dawo gida ba kwali ga bashi a wuya, shi ne ya fi kowa asara a duk lissafin nan, ya fi wanda bai je ba ma. Na fi jin tsoron wannan a kanka in ka tafi babbar da kuɗin aro.

Inda babbar ke da rinjaye na gaske shi ne in burinka manyan bankunan zuba jari ne ko manyan kamfanonin ba da shawara, su dai 'yan jami'o'i ƙalilan suke zagayawa ɗaukar ma'aikata, daga ƙaramar shiga sai an sha wuya. In ba can ka nufa ba, kamfanonin yankinku sun san ƙaramar ai, wataƙila manajojinsu ma nan suka yi.

Ni dai da ni ne, ƙaramar zan ɗauka, in zaɓi akanta ko harkar kuɗi, in roƙi kamfanin su bar ni da aikin ko da an rage awa, in kuma ƙware a Excel tun shekarar farko ba sai lakcara ya ce ba. Amma kafin ka biya ko sisi, je sashen ka tambaye su ina ɗaliban da suka gama shekara biyu da suka wuce suke aiki yanzu, ka nemo uku ko huɗu daga ciki ka ji daga bakinsu, kar ka tsaya a waɗanda aka sa hotonsu a takardar talla. In ka samo amsar ka zauna da Yaya ku yi lissafin nan tare da lambobin gaske, ka sake rubuto min abin da ya fito.