Amsa: Barin nama bai hana abinci lalacewa ba

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin tambaya ko tunda kin daina cin nama, ƙwai da nono, za ki iya kankare fumfunar da ta fito a kan abinci ki ci sauran. Ina roƙonki kada ki yi haka da abinci mai laushi irin burodi, alale ko awara, domin saiwar fumfuna tana ratsawa ciki inda ido ba ya gani.

Abin da ya fi damuna shi ne gyaɗa da masara, musamman a watan Agusta da danshi ke cika ɗakunan ajiya a nan Bauchi. Wata fumfuna mai suna Aspergillus tana haifar da gubar aflatoksin a cikinsu, wadda ke lalata hanta har ta kai ga ciwon daji, kuma tafasa ko suya ba sa kashe ta. Idan kin sayo gyaɗa a kasuwar Muda Lawal, ki baza ta a faifai, ki tsince duk ƙwayar da ta yamutse, ta canza launi ko take ɗaci, ki zubar, kada ki ba kaji.

Dafaffiyar shinkafa da madarar waken suya kada su wuce awa 2 a waje ba a sa su a firiji ba. Tunda wutar lantarki ba ta da tabbas, gara ki dafa daidai cikinki. Muciya, allon yanka da tsumma kuwa, a wanke su da sabulu a shanya a rana su bushe sarai kafin a mayar da su kicin.