Tambaya da Amsa: Koyon Rumbun Bayanai a Gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina riƙe da lissafin wani shagon magani a Zariya, kuma na iya Excel daidai gwargwado. Ina so in koyi manhajar rumbun bayanai don samun ci gaba a aiki, amma kwamfutata tsohuwa ce, data ma sai a hankali. Da wacce zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da SQLite. Kyauta ce, ba ta da nauyi, tana adana komai a fayil guda, kuma da ka sauke DB Browser for SQLite, manhajar da ake buɗe fayil ɗin da ita, ka gama da buƙatar intanet. Harshen SQL da za ka koya a kanta, wato harshen ba rumbun bayanai umarni, shi ne na sauran manhajojin rumbun bayanai irin su PostgreSQL da MySQL da SQL Server, bambancin kaɗan ne.

Ɗauko littafin shagonku ka gina jadawali uku: na kaya, na masu saye, na ciniki. Kowane layi ya samu lambarsa da ba ta maimaituwa. A jadawalin ciniki kada ka rubuta sunan magani ko na mai saye, lambobinsu kawai za ka sa. Nan ne asirin abin yake: idan aka gyara sunan magani, wuri ɗaya za a taɓa. Daga nan sai ka koyi umarnin SELECT (fito da bayani) da WHERE (sa sharaɗi) da ORDER BY (jerawa), sannan GROUP BY (tarawa rukuni-rukuni). JOIN kuwa, wanda ke haɗa jadawali da jadawali, ka ba shi lokaci fiye da sauran, domin da wuya a yi maka gwajin ɗaukar aiki ba a taɓo shi ba.

Ga wuraren da masu koyo ke tuntuɓe. Lambar waya a adana ta a matsayin rubutu. In ka ce adadi ce, sifirin farkon 0803 zai ɓace. Kuɗi a rubuta su da kwabo, naira 1,500 ta zama 150000, saboda nau'in REAL, na adadi mai ɗigo, yana kawo ɗan kuskure a tarawa. Kwanan wata ya fara da shekara, kamar 2025-03-09, don jerin ya tafi daidai. Gurbin da babu komai ba a nemansa da "= NULL", sai "IS NULL". Mafi muni shi ne DELETE (gogewa) ko UPDATE (gyarawa) ba tare da WHERE ba: duk jadawalin zai shafa. Kwafi fayil ɗin kafin ka gwada. Haka kuma a DB Browser, gyaran da ka yi bai zauna ba sai ka danna Write Changes.

Ranar da ka iya fitar da cinikin kowane wata da magungunan da suka kusa lalacewa da umarni ɗaya ɗaya, sai ka koma PostgreSQL ka koyi ba ma'aikata izini daban-daban. Amma idan za ka nuna aikin a wajen neman aiki, cire sunayen masu saye na gaskiya tukuna.