Hukuncin danganta tsira daga hatsarin teku ga taurari

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ana yaɗa bidiyon mai dafa abincin jirgin ruwan da ya kife a gaɓar tekun Najeriya a 2013, wanda aka ciro da rai. Wani ya zana taswirar taurarin ranar, ya ce burjinsa ne ya cece shi. Ya halatta in karanta, ko in tura wa wasu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, bai halatta ba.

Jirgin, Jascon-4, ya kife ranar 26 ga Mayu, 2013, da mutum 12 a ciki. Ɗaya ne ya rayu, bayan kusan awa 60 a zurfin mita 30. Mai duba yakan ɗauki rana da sa'a da wuri, ya raba sama gida 12, sannan ya nemo tauraron da zai jingina wa labarin da ya riga ya ji ƙarshensa. To ka tambaye shi: ba sama ɗaya ce ta rufe su su 12 ba? In ya koma ga ranar haihuwa, masu duban Turai da na Indiya sun saɓa da kusan digiri 24 wajen lissafin burji, har mutum ɗaya yakan faɗa burji biyu.

Sababan da Allah ya tsirar da shi da su a bayyane suke. Da jirgin ya kife, iska ta maƙale a wani lungu, ya samu abin shaƙa, ya ɗora jikinsa sama da ruwan sanyi. Masu nutso da suka je ɗauko gawarwaki suka tarar da shi. Ba su fito da shi kai tsaye ba, domin matsin wannan zurfi ya kai ninki 4 na doron ƙasa, fitowa da gaggawa kan sa iskar da ta narke a jini ta yi kumfa ta kashe mutum. Sai da ya yi kwanaki a ɗakin rage matsi.

Malamai sun kasa ilmin taurari biyu. Ilmut tasyir, wato gane alƙibla, hanya da lokuta, halal ne da nassin aya ta 97 a Suratul An'am. Lissafin cikar teku ma nan ya shiga: wata na jan ruwa, a yawancin gaɓoɓi teku kan cika duk bayan kimanin awa 12 da minti 25, cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Masu ceto na aiki da jadawalinsa, kowa na iya gwadawa ya gani.

Ilmut ta'asir, wato danganta abubuwan da ke faruwa da mutane ga tasirin taurari, shi ne haramtacce. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa wanda ya ɗebi wani ilmi daga taurari ya ɗebi yanki na sihiri. A Hudaibiyya kuma, cikin hadisin Zaidu bn Khalid da ke Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, an kira mai cewa an yi ruwa saboda tauraro kaza mai kafirce wa Allah. Ruwan sama ke nan, balle rai. Aya ta 65 a Suratul Ankabut ta ambaci masu kiran Allah shi kaɗai a cikin jirgi, da ya tsirar da su zuwa tudu sai su yi shirka.

Wanda ya ƙudurta tauraro ne da kansa ya ceci mutumin ya yi babbar shirka. Wanda ya ce Allah ne ya yi amma tauraro sababi ne, ƙaramar shirka ce, don ya ƙirƙiri sababin da shari'a da gwaji ba su tabbatar ba. Mai karantawa don nishaɗi ana ji masa tsoron hadisin Muslim: wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta dare 40. Lada ne ke tafiya, sallar tana nan wajibi a kansa.

In ka riga ka tura, ka tuba, ka goge, ka sanar da waɗanda ka tura wa cewa kuskure ne. Bidiyon ceton shi kaɗai, ba tare da taswirar ba, babu laifi a kalle shi. Allah ne mafi sani.