Tsinken Gwajin Ciki da Allurar da Ke Sa Dabba Ɓari: Amsoshin Masu Kiwo

Wata baiwar Allah mai kiwon awaki ta rubuto cewa wata biyu ke nan da bunsuru ya hau akuyarta, ba ta sake neman barbara ba, amma da ta gwada fitsarinta da tsinken gwajin ciki na mata sai ya nuna babu komai. Tana tambaya ko ta sayi wani tsinken mai tsada.

Malama, riƙe kuɗinki. Tsinken nan sinadari ɗaya yake nema, wanda ake kira hCG, kuma mabiyiyar ɗan Adam ce ke fitar da shi. Akuya da tunkiya da saniya ba sa yin sa ko kaɗan, don haka ko gobe akuyarki za ta haihu, "babu ciki" zai nuna miki. Abin da mabiyiyar dabbobi masu tuƙa ke zubawa cikin jinin uwa shi ne wani sinadari da ake kira PAG, kuma akwai gwajin jini na musamman da ke gano shi daga kwana 28 a saniya, kusan kwana 30 a awaki da tumaki. Ni dai da za ki samu likitan dabbobi mai na'urar ɗaukar hoton ciki, shi na fi so miki. Dalilina shi ne akuya takan yi cikin ƙarya: ruwa ya taru mata a mahaifa, ta daina neman bunsuru, ciki ya yi girma, alhali babu ɗa. Hoton zai raba miki gardama nan take.

Tambaya ta biyu ta fi tayar mini da hankali. Wani malami mai shanu da tumaki da awaki ya ce an ba shi shawara ya sayi wata allura mai suna Estrumate ya yi wa duk matan garken domin su nemi barbara lokaci guda, sai dai wasu ba shi da tabbacin ko sun riga sun ɗauki ciki.

Malam, don Allah dakata. Bayan ƙwai ya fito daga gidansa a cikin jikin macen dabba, wani ɗan ƙullutu rawaya yana tsirowa a gurbin, shi ke samar da firojestaron, sinadarin da ke riƙe ciki. Shi ne ke sa mahaifa ta natsu, kuma yana sa ta tsatso wani ruwa mai kauri da tayi ke rayuwa a kansa kafin ya manne, domin tayin saniya sai ya kusa mako uku kafin ya fara kama bangon mahaifa. Idan babu ciki, mahaifa da kanta take sakin furostagilandin ya narkar da ƙullutun, dabba ta koma neman namiji. Idan kuwa akwai ciki, ɗan tayin nan ne ke aika saƙo da wani sinadari mai suna intafiron-tau, wajen kwana 12 zuwa 13 a tunkiya, kwana 16 zuwa 17 a saniya, ya hana mahaifa yin wannan aiki. Duk sa'ad da na tuna cewa abin da bai kai a kira shi ɗa ba shi ke tsayar da jikin uwarsa, sai in ji girman halitta ya kama ni.

To, Estrumate da 'yar'uwarta Lutalyse wannan furostagilandin ɗin ne a kwalba. Ka soka wa mai ciki, ka rushe abin da tayi ya kare. Sai dai ɓarnar ba ɗaya ba ce. Akuya tun daga farko har ƙarshen kwanakinta 150 a kan ƙullutun nan take dogara, kusan kowace rana ka yi mata allurar cikin zai fita. Tunkiya daga wajen kwana 50 zuwa 60 mabiyiyarta ta karɓi aikin samar da firojestaron, don haka daga nan allurar ba ta cika sa ta ɓari ba. Saniya kuma, mai ɗaukar ciki kusan kwana 283, takan yi ɓari da allurar har wajen wata biyar. Kada ka ce ai tumakin sun tsira, tunda kai kanka ba ka san kwanakin cikinsu ba. A fara gwada kowace, a ware masu ciki, sannan a sayi maganin daidai adadin waɗanda suka rage. Idan gwajin PAG za a yi, saniyar da ba ta kai wata biyu da haihuwa ba za ta iya nuna ciki alhali ragowar PAG na cikin baya ne a jininta. Kuma mace mai juna biyu ko mai ciwon asma kada ta taɓa kwalbar, maganin yana ratsa fata.

Na uku ya ce saniyarsa mai cikin wata takwas ta kumbura a ƙafa, yana tambaya ko ya sayo mata deksametason, maganin rage kumburi.

A'a, Malam. Tun shekarun 1960 Graham Liggins ya nuna a kan tumaki a ƙasar Niyu Zilan cewa sinadarin kotisol da ɗan cikin ke fitarwa ne ke tayar da naƙuda. Deksametason aikin kotisol yake kwaikwaya, don haka a wata takwas zai iya sa ta haihu cikin kwana biyu zuwa uku, ɗan maraƙi ya zo bakwaini, mabiyiya kuma ta maƙale. Ka kira likita ya duba ƙafar, ka gaya masa watannin cikin tun kafin ya buɗe jakarsa.