Wane gasket ne zai tsayar da yoyon kwanon man giya a tsohuwar mota?

Tambaya: Ina da tsohuwar mota mai giyar otomatik. Sau biyu ke nan ana canza mini gasket ɗin kwanon da ke ƙarƙashin giyabos, wato shimfiɗar da ake sawa a bakin kwanon don hana yoyo, amma har yanzu nakan tarar da jan mai a ƙasa idan ta kwana biyu a ajiye. Wane iri ya kamata in saya?

Amsa: Malam, idan an canza gasket har sau biyu kuma yoyo bai tsaya ba, na fi zargin bakin kwanon da hannun mai ɗauri fiye da gasket ɗin. Yawancin tsofaffin motoci kwanonsu na siririn ƙarfe ne, kuma duk lokacin da aka matse notuna fiye da kima, ƙarfen da ke kewaye da kowace huda yakan turo sama, sai ya zamana gasket ya matsu a wajen hudojin kawai, tsakaninsu kuwa mai ya samu hanya. Saboda haka a cire kwanon, a wanke shi, a ɗora rula ta ƙarfe a bakinsa, a daidaita wuraren da suka turo da ƙaramar guduma, idan kuma ya lanƙwashe sosai a nemi wani.

Gasket na kok, wanda ake yi da niƙaƙƙen ɓawon bishiya, yana shanye 'yar rashin daidaiton tsohon kwano saboda laushinsa, amma yana bushewa da zafi, yana kuma tsagewa da zarar an matse shi da yawa. Na zallar roba mai laushi shi ne ban cika so ba, domin yakan sulluɓe ya fito gefe tun ana cikin ɗauri. Wanda na fi amincewa da shi, muddin bakin kwanon ya daidaita, shi ne na roba mai ƙarfe a ciki, irin wanda Ford ya sa wa giyar 4R70W, domin ƙarfen yana hana shi murƙushewa, kuma ana iya sake amfani da shi. Akwai kuma giyabos ɗin da kamfani ya rufe da gam ɗin silikon kaɗai, kamar A340E ta Toyota. A irin wannan a shafa siririn layi na gam mai jure man giya, domin rarar da ta ɓalle ciki tana iya toshe filta. Kada a lafta gam a kan gasket da sunan ƙarin tsaro, santsi kawai zai ƙara masa.

Ƙarfin ɗaurin kaɗan ne ƙwarai, kimanin Nm 11 (newton-mita, ma'aunin ƙarfin ɗauri) a giyar 4L60E ta kamfanin General Motors, don haka a yi amfani da sifana mai auna ƙarfi, a riƙa ɗaure notunan da ke fuskantar juna, a zagaya sau biyu ko uku.

Maganarka ta cewa yoyon na zuwa ne bayan motar ta kwana biyu ita ma abin dubawa ce. Idan mota ta daɗe a tsaye, man da ke cikin tok-konbata, wato gangar mai da ke haɗa inji da giyabos, yakan sauko, ya haura bakin kwano, ya kai ga robar bututun gejin auna mai da sil ɗin (robar hana yoyo) sandar sauya giya, kuma abin da ya tsiyayo daga can yakan bi gefen kwano har a ɗauka gasket ne. A wanke wurin tas, a busar da shi, sannan washegari a haska fitila a nemo inda jiƙewar ta faro daga sama.