Ƙwan da ba na hankaka ba a sheƙar hankaka

Malam, ka ce yaranka sun hau bishiya a Mai Wurno ta ƙasar Sudan sun tarar da wasu ƙananan ƙwai cikin na hankaka, kana tambaya ko sato su ya yi. A'a. Kirarin nan na "hankaka mai da ɗan wani naka" gaskiya ne, sai dai shi aka yi wa wayo.

Aikin tsuntsun da Larabawa ke kira waƙwaƙ ne, mai tukku da ɗigo-ɗigon fari a fiffike. Ba ya gina sheƙa. Macen kan faki ido ta saka ƙwai a sheƙar hankaka ta gudu. Nata kan ƙyanƙyashe cikin kusan mako 2, na hankaka sai kwana 18 zuwa 19, don haka baƙon ya riga 'yan gida buɗe baki. Ba ya tura su ƙasa kamar yadda ɗan wani irin waƙwaƙ na Turai ke yi, abinci kawai yake cinye musu, 'ya'yan hankaka su ragu.

Amma wani bincike daga arewacin Sifen a 2014 ya nuna baƙon, in an taɓa shi, yakan fitar da baƙin ruwa mai ɗan karen wari da ke korar kyanwa da shaho, sheƙar ta tsira. Ka hana yaran hawa, hankaka na kai sara a ka.